A auna lafiyar kankaren tashoshin wutarmu, a karanta mana sakamakon

(Jawabin wani injiniyan gini, ɗan jam'iyyarmu, a taron gangamin unguwa a Yamai)

 

Waɗanda suka riga ni magana sun taɓo tsadar kuran da yawan ɗaukewarsa. Ni magini ne, cikin siminti da tsakuwa da ƙarfe na yi furfura. Don haka ku bar ni in yi magana a kan abin da talabijin ba ta nunawa ranar yanke ƙyalle, wato kankaren da injinan wuta ke zaune a kansa.

In aka ɗauke wuta, kowa inji yake zargi, ko layin da ke zuwa daga Birnin Kebbi. Amma kowane babban inji yana zaune ne a kan dandamalin kankare, an ɗaure shi da manyan ƙusoshi. Dare da rana yana girgiza wannan dandamali, ga zafi, ga baƙin mai yana ɗiga yana jiƙa shi. Ranar da dandamalin ya tsage ko ya ɗan nitse, sandar injin za ta karkace, dole a kashe shi. Kayan gyaran inji ana sayo su a ɗaura. Gyaran mazauninsa kuwa sai an ɗaga injin ɗungurungum, aikin watanni ne, kuma watannin nan a cikin duhu za mu yi su, mai walda da mai niƙa da mai sayar da ƙanƙara duk a zaune.

Mutane suna ɗaukar kankare kamar dutse ne, in an zuba shi an gama. Ba haka ba ne, yana tsufa, yana ciwo. Sabon kankare yana kare ƙarfen da ke cikinsa daga tsatsa. Amma iska tana ratsa shi sannu a hankali, shekara bayan shekara, tana kashe wannan kariya daga waje zuwa ciki. In ta kai ga ƙarfen, ga danshi, sai tsatsa ta kama. Tsatsa kuwa ta fi ƙarfen da ta ci girma, sai ta tura kankaren daga ciki har ya ɓare. Duk wanda ya taɓa ganin rufin dakali yana zubar da ɓawo, jan ƙarfe a waje, ya ga wannan ciwo.

Akwai wani ciwon da ya fi wannan muni, na madatsun ruwa. Wata irin tsakuwa ba ta jituwa da sinadarin da ke cikin siminti. In suka haɗu, ga ruwa, sai su haifar da wani abu kamar ƙaro wanda ke shan ruwa yana kumbura. Ginin gaba ɗaya ya riƙa kumburi, fuskarsa ta tsattsage kamar lakar tabki da rani. Yakan ɗauki shekara goma ko ashirin kafin ya nuna kansa, kuma in ya kama ba ya warkewa, sai dai a yi ta lallaɓawa. Wannan ba tatsuniya ba ce. Madatsar Song Loulou ta Kamaru, mai megawat 384, wadda ta fara aiki a 1981, tana fama da shi. Madatsar Kariba da ke tsakanin Zambiya da Zimbabuwe, wadda aka gama a 1959, kumburin ya taɓa wuraren da ƙofofin sakin ruwanta ke hawa da sauka, ga kuma ramin da ruwa ya haƙa a gindinta. Aikin gyaranta ya tashi kusan dala miliyan 300.

To, abin da nake so ku riƙe shi ne, duk waɗannan cututtuka ana gane su tun kafin su kayar da gini, kuma awon ba tsafi ba ne. Da ido ake farawa. Injiniya ya zaga, ya zana kowace tsaga a takarda, ya auna faɗinta, ya sa mata alama da kwanan wata. Tsagar da ta wuce kashi uku cikin goma na milimita ta isa a sa mata ido, domin ruwa na shiga. Bayan wata shida ya dawo ya sake aunawa. Tsagar da ta tsaya daban, wadda ke ƙara buɗewa daban, kuma ba mai iya bambance su sai wanda ya ajiye awon bara. Mun san sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A nan ƙadangaren ruwa ne.

Akwai ƴar guduma mai sifirin da ake danna wa a jikin kankare, yadda ta dawo da baya shi ke nuna taurin fuskarsa. Akwai na'urar da ke tura sauti ta cikin ginshiƙi, a auna saurin fitarsa ta ɗaya gefen. Lafiyayyen kankare sauti na ratsa shi da gudun kusan kilomita huɗu a daƙiƙa. In gudun ya faɗi ƙasa da uku, akwai rami ko tsaga a ciki. In ana shakka, sai a huda a ciro gunduwa mai kamar gwangwani, a kai ɗakin gwaji a matse ta har ta fashe, a ga nauyin da ta ɗauka. A fesa wa sabon yankan wani ruwan magani: inda ya koma ja-ja kariya na nan, inda bai canja launi ba iska ta riga ta cinye. Da wannan kaɗai za a iya kintata shekarun da suka rage kafin tsatsa ta kai ga ƙarfe. Kuɗin duk wannan bai kai na motar minista ɗaya ba. Ƴaƴanmu da suka fito daga makarantar EMIG nan Yamai za su iya shi, in an ba su kayan aiki da izinin shiga.

Yanzu mu dawo gida. Tashar kwal ta Sonichar da ke Anu Araren kusa da Cirozerin ta fara ba da wuta a 1981. Ita ke haska Agadas da Arlit da ma'adinan uraniyum. Ta haura shekara arba'in tana aiki cikin zafi da hayaƙin kwal. Ban ce ta lalace ba, kada a je a ce na faɗa. Tambaya nake yi: a cikinku wa ya taɓa jin an karanta wa talaka sakamakon awon ginshiƙanta da mazaunin injinanta? Tashar Gorou Banda da aka buɗe a 2017 da megawat 80 sabuwa ce in aka gwada ta da Sonichar, shi ya sa yanzu ne lokacin ɗaukar awonta na farko, wanda za a riƙa gwada na gaba da shi.

Sai Kandaji, wadda ta fi damuna. An aza tubalinta a 2008. Aka ba kamfanin Rasha, aikin ya cije, aka soke kwangilar a 2013. Aka sake tada shi a 2019 da kamfanin Sin. An ce megawat 130 za ta ba mu, kuma muna so, domin a 2020 fiye da rabin wutar da muka sha daga Najeriya ta zo. Amma kankaren madatsa sau ɗaya ake zuba shi. Tsakuwar da ake haɗawa da shi, an gwada ta an tabbata ba mai kumburi ba ce? Samfurin da ake ɗiba a kowane zubi, a matse shi bayan kwana 7 da kwana 28, ina takardunsa, wa ke sa musu hannu? Kankare mai kauri yana yin zafi daga ciki lokacin da yake kamawa, in ba a kula ba ya tsage tun yana jariri, balle a ranar Tilaberi. Na taɓa tsayawa a wani wurin aiki, ba zan faɗi suna ba, na ga ana ƙara wa kwaɓi ruwa da tiyo don ya yi saurin zuba, mai sa ido yana inuwa yana shan shayi. Ruwan nan ƙarfin ginin yake ci. A gidan mutum ɗaya asarar mutum ɗaya ce. A Kandaji kuwa, Tilaberi da Yamai duk a ƙasanta suke, kuma wanda ya ga abin da kogi ya yi wa unguwannin Harobanda a damanar 2020 ba sai an yi masa bayani ba.

Ga abin da muka ɗauki alkawari in kun ba mu amana. Za mu kai doka majalisa wadda za ta wajabta cikakken awon kankaren kowace tashar wuta da kowace madatsa duk bayan shekara biyar, ban da zagayen ido na kowace shekara. Mai awon ba zai zama wanda ya yi ginin ba, ba kuma wanda ke gudanar da tashar ba. Rahoton zai je gaban ƴan majalisa, a buga shi, a karanta taƙaitawarsa a rediyo da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu. Kuɗin gyara kuma a ware shi cikin kasafin shekara, ba sai abu ya fashe a tafi roƙo waje ba.

Kafin zaɓe ƴan takara da yawa za su zo ƙofar gidajenku da shinkafa da atamfa. Ku tambayi kowanensu yaushe aka auna Sonichar, kuma wa ke riƙe da takardun gwajin Kandaji. Mu ma in mun zo, ku tambaye mu.

 Allah ya kai mu ranar zaɓe lafiya.