Hujjar Na'ura a Gaban Alƙali: Shari'ar Zaɓen Zamfara

Mutane a Abare da sauran garuruwan Anka da Gummi ba su manta da hukuncin Kotun Ɗaukaka Ƙara na Nuwamban 2023 ba, wanda ya ce zaɓen gwamnan Zamfara bai kammala ba, ya kuma umarci a sake shi a Maradun da wasu rumfunan Birnin Magaji da Bukkuyum. Cikin abubuwan da aka yi jayayya a kansu har da IReV, wato shafin intanet da hukumar INEC ke ɗora hoton takardar sakamakon kowace rumfa bayan an ɗauke shi da na'urar BVAS, domin kotun ta ga cewa shafin na dubawa ne kawai, ba a tattara sakamako da shi. A ranar 12 ga Janairu, 2024 Kotun Ƙoli ta rushe hukuncin, ta tabbatar wa Dauda Lawal nasararsa a kan Bello Matawalle.

Wani tanadin doka da ya shafi hujjar na'ura shi ne sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011, wanda ya gindaya cewa duk abin da kwamfuta ta fitar, ko saƙon WhatsApp ne ko bayanin asusun banki, ba ya karɓuwa sai an tabbatar, da baki ko da takardar shaida, cewa na'urar tana aiki daidai lokacin da ta samar da shi. Sharaɗin yana da ma'ana, tunda sauya hoto ko murya ya zama wasan yara, sai dai nauyinsa ya fi danne talakan ƙauye, wanda hujjarsa kaf tana cikin tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi, lauyan da zai tsara masa ita kuma yana can Gusau.