Sankarar Jini a Jikin Shanu: Jawabi ga 'Yan Uwa Mazauna Yerwa



Dukanmu nan cin arziki ya kawo mu Yerwa, mu ko iyayenmu, kuma da wuya ka sami gida a Hausari da abincinsa bai ratsa ta Kasuwar Shanu ba. Shi ya sa muka zaɓi wannan magana. Bushiya mun san ta, dattawanmu ba su manta da ɓarnar 1983 ba, ciwon huhu ma mun san shi. To, akwai wata cutar da ba ta ihu. Saniya za ta yi shekaru da ita tana ci tana sha, dillali ya shafa bayanta ya rantse lafiyarta lau, kuma bai yi ƙarya ba, iyakar abin da idonsa ya gani ke nan.

Wata ƙwayar cuta ce da likitocin dabbobi ke kira BLV, mai shiga fararen ƙwayoyin jini ta zauna har mutuwar dabbar. Tun 1871 aka bayyana ciwon a Jamus, amma sai 1969 wata mai bincike a Amurka, Janice Miller, da abokan aikinta suka hango ƙwayar kanta. Cikin shanu 100 da suka kamu, mafi yawa ba sa nuna komai. Kamar 30 jininsu kan canja, waɗanda sankarar kan fito wa sosai kuwa ba su cika wuce 5 ba, yawanci manya da suka haura shekara uku. Sai ka ga kaluluwa ta kumbura a gaban kafaɗa ko kwiɓi, nono ya ja baya, dabba tana ramewa, wani sa'i ido ya turo waje ko ƙafafun baya su mutu. Ba ta da magani.

Jama'a, ga inda muke so a buɗe kunne. Ta jini take yaɗuwa, kuma sau da yawa da hannunmu muke yaɗa ta. Allura ɗaya a bi garke da ita tun daga kan bijimi har maraƙi. Wuƙa ɗaya a tsaga kunne, a yi dandaƙa, ba wanki. Ƙudaje masu cizo su ma suna taimakawa, haka maraƙi kan ɗauka a nonon uwa. Mu kanmu mun yi wannan ganganci: layyar da ta wuce mun kira wani mai allura, ba za mu kama suna ba, ya yi wa shanunmu shida da allura ɗaya muna tsaye muna yi masa sannu da aiki, don kawai kuɗinsa ya fi sauƙi. Araha dai ba ta ado.

Ƙasashen Turai sun bi ta da gwajin jini, wadda aka samu da cutar a yanka ta, har Ingila ta rabu da ita a 1999. Amurka ba ta bi wannan hanya ba, ƙididdigar 2007 ta nuna fiye da kashi 80 cikin 100 na garken shanun madara suna da ita. Masu sha'awar saniyar Turawa don yawan nono, a riƙa neman takardar gwaji kafin a ce albarka.

Iyaye mata za su ce, to mu fa masu shan nono? A 2015 Gertrude Buehring ta Jami'ar Kalifoniya ta ba da rahoton samun alamar ƙwayar a kashi 59 na matan da ke da sankarar mama, da kashi 29 na marasa ciwon. Wasu masana a wasu ƙasashe sun gwada ba su samu ba, gardamar tana nan tsakaninsu. Abin da suka haɗu a kai shi ne zafin wuta na kashe ta. Kindirmo dama sai an tafasa madarar, ɗanyar madara ce ba ma so a ba yara.

Roƙonmu ga dillalai, in kun ga kumburi kada ku ɓoye wa mai saye, cin amana ne. Mahauta, in kun feɗe kuka ga farin tsiro a zuciya ko tumbi, ku nuna wa ma'aikacin duba nama. Jami'ar Maiduguri tana da tsangayar likitocin dabbobi a nan kusa da mu, ga kuma cibiyar bincike ta Vom. Muna ba shugabanni shawarar a rubuta wa Jami'ar takarda da sunan ƙungiya, a nemi su turo mana wanda zai zauna da masu kiwo kafin a fara sayen dabbobin layya mai zuwa.