Renon Irin Barkono A Cikin Gida Da Takin Juji

Jawabin da Magatakardan Limam ya yi wa jama'a bayan La'asar

An umurce ni in yi magana a kan abin miya, to, ga ta.

Kowane mai gida a nan Kumasi ya san yadda kuɗin cefane ya ke ƙarewa tun ba a kai ga mai nama ba. A watan Disamba na 1922 ba, na 2022 na ke nufi, tsadar kaya a ƙasar Gana ta haura kashi 50 cikin 100 bisa ta shekarar da ta gabace ta, har yau kuwa aljihu bai manta ba. Albasarmu da yawa daga Nijar ta ke zuwa. Tumatirin rani kuwa manyan motoci ke ɗauko shi daga Burkina Faso, su biyo ta Paga, kadan hanya ta ɓaci sai tukunya ta ji a jikinta. Dattawa za su tuna 1972, zamanin Acheampong, sa'ad da aka ce kowa ya ciyad da kansa, bayan kowane ɗaki ya zama gona. Mu a zango fili ya yi mana kaɗan, amma gindin barkono 10 ba ya bukatar fili.

Abin da ya ke karya wa mutane gwiwa shi ne su watsa iri a tsakar gida, kaji su tone, abin da ya tsira akuya ta cinye, saura kuma ruwan sama ya kwantar. Saboda haka a ke renonsa a zaure ko baranda tukuna. Ruwanmu na fari yana sauka wajen Maris, barkono kuwa yana son mako 5 ko 6 kafin dashe, watau a shuka farkon Fabrairu. Na damina ta biyu, wadda ke kamawa a Satumba, a shuka ƙarshen Yuli. Tumatir ya fi sauri, mako 3 ko 4 ya isa. Gauta tana bin sawun barkono. Kuɓewa kada a wahal da ita, ba ta son a tumɓuke ta, a shuka ta inda za ta zauna.

Iri a ɗebo daga barkonon da ya nuna jawur, a shanya a inuwa. Amma fa irin aure na cikin takarda, jikokinsa ba su cika kama da shi ba.

A samo tsohuwar adaka ko gwangwani, ko ledar ruwan nan da yara ke yasarwa a lambatu, a yanke baki a huda gindi. Hudar nan wajibi ce. A cuɗa ƙasar sama mudu 2, ruɓaɓɓen taki mudu 1, yashi mudu 1, a tankaɗe. Akwai wata cuta a cikin ƙasa wadda ke kama tsiro a wuya, daidai inda ya fito, da dare yana tsaye, da safe ka tarar ya faɗi kamar an yanke shi da zare. Maganinta a kwara wa ƙasar tafasasshen ruwa a bari ta huce kafin shuka, kada a cika iri wuri ɗaya, kada kuma a yi ta ba shi ruwa don ƙauna. Zurfin rami rabin gaɓar yatsa. Barkono mai nawa ne, yakan yi kwana 7, wani har 21, bai leƙo ba, musamman kadan hunturu bai gama tafiya ba. Kada a tona a duba.

Ran da ya leƙo, duhu ya zama abokin gabansa. Tsiron da aka bari a ƙuryar ɗaki sai ya yi tsawo siriri, fari fat, ya karkata wajen taga, ba ya kuwa yin kirki ko an dasa. A fid da shi ya sha hantsi, a mayar kafin rana ta take.

Yanzu taki, nan ne maganar ta ke. Abin da mu ke biyan masu kwasar shara su kwashe, rabinsa abincin shuka ne: ɓawon doya da na ayaba, ganyen da aka tsince, kashin ragunan da mu ke turka, har abin cikin tumbi da a ke zubarwa a lambatu ranar Layya unguwa ta yi kwana uku tana wari. A yi rami ko a sami tsohuwar ganga. A shimfiɗa busasshen ganye, a bi da ɗanye, a bi da kashin dabba, a barbaɗa ƙasa da toka kaɗan, a yayyafa ruwa, a sake. Kada nama ko mai ya shiga, don ɓera. Leda da batir su ma a tsame su. A soka sanda a tsakiya. Bayan kwana kaɗan ka zaro ka ji ta da zafi, to, aiki yana ci, zafin nan ne ke kashe irin ciyawa. A juya kowane mako 2. Cikin wata 2 ko 3 zai yi baƙi, ya yi laushi, yana ƙanshin ƙasar da ruwan fari ya taɓa.

Masu zuwa gidajen kaji su sayo buhu, ku yi hankali. Ɗanyen kashin kaji wuta ne, yana ƙone saiwa. Garin katakon da ke cikinsa kuma, in bai ruɓe ba, shi ne zai janye abin da malaman gona ke kira naitirojin, ganye ya koma rawaya. A tara shi ya kwana biyu.

Tsiro ba ya son ci sai ya yi ganyen gaskiya, watau na bayan biyun farko. Sa'an nan a ɗaure taki dunƙule 2 a tsumma, a jiƙa a bokiti, a sirka har ya yi kamar shayi marar ƙarfi, a ba shi a gindi sau ɗaya a mako. Ruwan lambatu kada ya kusance shi. Ruwan alwalar da ke malala a ƙofar masallaci, tun da ba sabulu, yara su tara shi a bokiti.

Saura mako guda a yi dashe, a riƙa ƙara masa rana ana rage ruwa. A dasa da maraice, da ƙasarsa a jikin saiwa, ƙafa 2 tsakanin gindi da gindi, a kewaye da ƙaya ko tsohon gidan sauro. Wanda ba shi da ƙasa ya cika buhun shinkafa ya huda shi, gindi ɗaya buhu ɗaya. In Allah ya so, wata 2 zuwa 3 bayan dashe a fara tsinka.

Wanda ya ke da kashin rago ba ya so, ya gaya wa ladan.