Hadari, Ƙanƙara da Masu Lura da Yanayi na Sa-kai: Gurbin Unguwannin Hausawa a Legas

Hadari mai iska ba ya daɗewa, kuma ba ya game gari. Yakan kwashe rufin kwano a layi guda, ya zubar da ƙanƙara a unguwa ɗaya, maƙwabciyarta kuwa ko yayyafi ba ta samu ba. Hukumar Yanayi ta Duniya tana lissafa iska a wannan rukuni ne idan gudunta ya ƙaru farat ɗaya da aƙalla mita 8 a sakan, ya kai mita 11 ko fiye, ya kuma ɗauki aƙalla minti ɗaya. Abu mai gajeren rai da ƙanƙanin fili irin wannan yana iya wucewa ta tsakanin tashoshin auna yanayi biyu ba tare da ko ɗaya ta rubuta shi ba. Irin wannan giɓi ne masu lura da yanayi na sa-kai ke cikewa, wato mutanen da ba ma'aikatan hukuma ba ne amma suke aunawa suna rubutawa a ƙofar gidajensu.

A ƙasashe masu tsananin sanyi, irin wannan iska takan zo da dusar ƙanƙara a lokacin hunturu. Cikin 'yan mintuna sai gari ya rufe, direba ya kasa ganin motar da ke gabansa, kwalta ta daskare. Shi ya sa hukumar yanayi ta Amurka ta ware mata gargaɗi na musamman tun 2018. Masu sa-kai a can sukan ajiye farin katako a fili su auna kaurin dusar da ta taru a kai, sannan su narkar da wadda ta faɗa cikin ma'auni don sanin yawan ruwan da ke cikinta, domin santimita 10 na dusa a mafi yawan lokuta bai wuce santimita 1 na ruwa ba.

Al'adar tana da tarihi. A Birtaniya, George James Symons ya fara tattara alƙaluman ruwan sama daga hannun masu sa-kai a 1860, aikin ya bunƙasa har masu aiko masa da rahoto suka kai dubbai. Misalin da ya fi dacewa da Legas kuwa shi ne na garin Fort Collins a jihar Kolorado ta Amurka. A watan Yuli na 1997 ruwan da ya haura milimita 300 ya sauka a yammacin garin, alhali 'yan kilomitoci kaɗan daga nan abin da aka samu bai taka kara ya karya ba. Mutane biyar suka rasu a ambaliyar, kuma ba a gane girman ruwan a kan lokaci ba. A shekarar da ta biyo baya masanin yanayi Nolan Doesken ya kafa ƙungiyar CoCoRaHS, wadda mambobinta ke auna ruwa da ƙanƙara da dusa kowace safiya da ma'auni iri ɗaya.

Dusar ƙanƙara ba ta sauka a Legas, ba ta kuma sauka a Kano ko Jos. Abin da ke sauka ƙanƙara ce, kuma hanyar samuwarsu daban take, ko da yake hotunan da ake yaɗawa a waya sukan gwama su. Dusa tana buƙatar iska mai sanyi tun daga gajimare har ƙasa. Ƙanƙara kuwa 'yar zafi ce: iska mai ɗumi da laima tana hawa sama da ƙarfi a cikin hadari, ta ɗaga ɗigon ruwa zuwa inda sanyi ke daskarar da shi, ya yi ta tara ruwa yana kauri har nauyinsa ya fi ƙarfin iskar da ke riƙe da shi. A yankinmu wurin da ruwa ke fara daskarewa yana kusan kilomita 5 a sama, saboda haka yawancin ƙanƙarar takan narke kafin ta iso ƙasa. Jos, da ke kan tudu mai tsawon kimanin mita 1,200, ta fi ganinta. A Legas, da ke bakin teku, saukarta abu ne da ba kasafai ake gani ba, kuma duk ranar da ta sauka shaida ce cewa hadarin ya yi ƙarfi ƙwarai. Rubuta irin wannan rana yana da daraja a wurin masana.

Manomin ƙasar Hausa ya daɗe da sanin cewa hadarin da ake tsoro daga gabas yake haɗowa, kuma kimiyya ta gaskata shi. Hadura sukan jeru a layi mai tsawon ɗaruruwan kilomita, sau da yawa su faro daga tuddai irin na Jos da duwatsun Ayar, su nausa yamma da gudun da kan kai kilomita 50 a awa. Holoƙo ke fara isowa, sai sanyi ya sauko, sai ruwa. Irin waɗannan hadura ne ke kawo mafi yawan ruwan daminar Sahel, kuma wani bincike da Christopher Taylor da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Nature a 2017 ya nuna cewa mafiya ƙarfinsu sun ninka sau uku a yankin tun daga 1982.

Legas tana da nata tsarin. Damina biyu take yi, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama a Satumba da Oktoba, da ɗan sassauci a Agusta, daidai lokacin da Kano da Katsina ke cikin marka. Hadari mai iska ya fi yawa a farkon damina da ƙarshenta. Ranar 13 ga Fabrairu, 2012, iska ta afka wa birnin da safe, ta kwashe rufin gidaje da makarantu, ta kayar da turakun lantarki, aka yi asarar rayuka. Kafin nan, ranar 10 ga Yuli, 2011, ruwan da ya haura milimita 200 ya sauka cikin yini guda, unguwanni da dama suka nutse. Hukumar yanayi ta Najeriya, NiMet, wadda aka kafa da dokar 2003, tana da tasha a filin jirgin sama na Ikeja da cibiyar horarwa a Oshodi, kuma tana fitar da hasashen damina kowace shekara. Amma tashar Ikeja, duk da kusancinta, ba za ta faɗi abin da ya sauka a Zangon Agege ko Oko-Oba ko Mile 12 ba.

A nan ne unguwannin Hausawa ke da abin bayarwa. Agege ta bunƙasa da cinikin goro da shanu a bakin layin dogon da ya haɗa Legas da Kano, kuma har yau yawancin sana'o'in mutanenta a fili ake yin su. Maigadi yana farke lokacin da hadarin tsakar dare ke wucewa. Mai shayi, mahauci, ɗan garuwa da mai kayan gwari duk suna duban sama, domin ruwa na iya ɓata musu cinikin yini. Ga kuma direbobin manyan motoci da 'yan uwa a garuruwan da hadari ke bi kafin ya iso, waɗanda ake waya da su kullum. Idon da ya saba karanta hadari yana nan. Abin da ya rage shi ne awo da rubutu, domin "an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya" magana ce da ba za a iya kwatanta ta da ta bara ba.

Kayan aikin ba su da tsada. Na farko shi ne ma'aunin ruwa, wato mazubi mai miƙaƙƙen jiki da aka yi wa alamar milimita, a kafa shi a kan turke nesa da bango da bishiya da indararo. Milimita 1 a cikinsa na nufin lita 1 ta sauka a kan kowane murabba'in mita. Ana karanta shi a lokaci guda kowace safiya, a zubar da ruwan, a rubuta, har ranar da ba a samu komai ba a rubuta sifili, domin ranar da aka bari babu rubutu ba a san ko fari aka yi ko mantuwa ba. A unguwa mai cunkoso irin Agege samun fili shi ne babbar wahala, don haka harabar masallaci, filin makaranta da saman bene sun fi dacewa, muddin an rubuta inda aka kafa ma'aunin.

Ƙanƙara tana buƙatar hanzari domin narkewa take. Sai an jira ta tsaya, sannan a ɗauko mafi girma a ɗora kusa da rula a ɗauki hoto, a rubuta lokacin da ta fara da lokacin da ta ɗauke. A ƙa'idar masana, sai faɗinta ya kai milimita 5 ake lissafa ta a matsayin ƙanƙara sosai. Mambobin CoCoRaHS sukan naɗe farin soso mai tauri da takardar alminiyam su ajiye a fili, kowace ƙwaya ta bar tabonta, daga baya a ƙirga a auna. Iska kuwa ana iya kimanta ta ba tare da na'ura ba, bisa ma'aunin Beaufort: ko rassa kawai take kaɗawa, ko tana karya su, ko ta kai ga ɗaga kwano. A haɗa da ɓangaren da ta fito. Tsawa ma tana da lissafi, kowane sakan 3 tsakanin walƙiya da ƙara daidai yake da kilomita 1, kuma wanda ke jin tsawa ya kamata ya kasance a cikin ɗaki. Babu awon da ya kai ran mai awo.

Littafin mutum ɗaya ba ya amfani sosai sai an haɗa shi da na wasu. Ma'aunai goma a sassan Agege, iri ɗaya, ana karanta su lokaci ɗaya, za su nuna layin da ruwa ya fi sauka da magudanar da ke fara cika, kuma da irin wannan shaida shugabannin unguwa za su fi samun bakin magana a gaban ƙaramar hukuma da hukumar agajin gaggawa ta LASEMA. Fadar Sarkin Hausawa da ƙungiyoyin 'yan kasuwa suna da tsarin da zai iya riƙe aikin, makarantun Islamiyya da na boko kuma suna da ɗaliban da za su karanta ma'auni. Shirin TAHMO, mai burin kafa tashoshin auna yanayi 20,000 a Afirka, ya riga ya zaɓi makarantu a matsayin mazaunin yawancin na'urorinsa saboda tsaro da koyarwa. Sharaɗi ɗaya ne ba a sassauta shi: mai lura yana faɗin abin da ya gani ya auna ne, da wuri da lokaci, hasashe da gargaɗin hukuma kuwa aikin NiMet ne.