Giɓin da Roka Ke Bari a Samaniya



Daga cikin hikimomin da Allah Maɗaukakin Sarki ya shimfiɗa a samaniya, akwai wani ɓangare na iska, can sama da kilomita 80, wanda hasken rana ke cika shi da lantarki, kuma shi ne ke maido da muryar rediyo mai gajeren zango ƙasa, har mutumin Damagaram ya ji abin da aka faɗa a Landan.

To, ran 14 ga Mayu, 1973, sa'ad da Amurka ta harba kumbon Skylab daga Florida, sai masana suka lura cewa tururin ruwan da rokar ta fesa ya gauraya da wannan lantarki, ya shafe kimanin rabinsa, ya bar wagegen giɓi bisa Tekun Atlantika, wanda bai cike ba sai bayan sa'o'i.

Irin wannan giɓi, alhamdu lillahi, yakan warke da kansa. Abin da ya fi damuna shi ne baƙin hayaƙin kananzir da wasu rokoki ke bari can inda ruwan sama ba ya kaiwa balle ya wanke shi, ya yi shekara da shekaru yana ɗumama iska, alhali kuwa harbe-harben sai ƙaruwa suke yi.