Idan Makullin Mota Ya Ƙi Juyawa, Sitiyari Ya Cije

Mu 'yan kasuwa ne, ba makanikai ba, amma da yawanmu a nan Ikko da mota muke neman abinci, ko tamu ko ta haya mai ɗauko mana kaya daga Mile 12. Maganarmu ta yau a kan makullin mota ce, ranar da ya ƙi juyawa, sitiyari kuma ya cije.

Jama'a, sau da yawa ba abin da ya lalace. A cikin wuyan sitiyari akwai wata 'yar sakata ta ƙarfe da aka sa saboda ɓarayi. In an zare makulli aka ɗan murɗa sitiyari, sai ta faɗa gurbinta ta kulle. To in an ajiye mota tayar gaba na tokare da bakin kwata, ko a kan gangara, nauyin motar yakan danne sakatar nan, makulli ya kasa janye ta. Abin yi shi ne mu kama sitiyari mu gwada dama da hagu. Gefe ɗaya za mu ji ya tsaya cak, ɗayan yana ɗan motsi. Sai mu ja shi wajen da yake motsin, mu riƙe, muna murɗa makulli a hankali da ɗaya hannun. Mai otomatik kuma ya duba ko giya ta zauna sosai a kan P. Don Allah ban da filaya, ban da duka da dutse. In makulli ya karye a ciki, aikin minti biyu ya koma yinin Ladipo.

In sitiyari a sake yake amma makulli na sarƙewa, a gwada na ajiya. In shi ya juya sumul, to na kullum ne haƙoransa suka cinye. A nan mu 'yan kasuwa muna da wata ɗabi'a: makullin shago, na sito, na gida, na kwado biyar, duk a zobe ɗaya da na mota. Wannan nauyi yana lilo a kan ramukan hanya, yana cin cikin makunnin kaɗan kaɗan. A raba su. In za a yanko sabo, a kai na ajiya, domin in aka kwafa daga cinyayye, cinyayye za a samu. Motocin tokumbo da yawa kuma makullinsu na da 'yar na'ura a kansa, yanka kaɗai ba ya tayar da su sai an haɗa shi da kwamfutar motar.

Kada a ɗura bakin mai ko manja a ramin makulli, ƙura suke tarawa su daskare. A goga bakin fensir a jikin makullin, a sa a zare sau da yawa.

Wani makanike zai ce a cire sakatar gaba ɗaya a haɗa waya. Ba mu goyi bayan wannan ba, sauƙaƙa wa ɓarawo aiki ne.

Sai babbar magana, musamman ga direbobinmu masu zuwa Arewa. Wasu kan kashe mota a gangara wai don tattalin mai. In inji ya mutu, sitiyari yakan yi nauyi, birki ma bayan taku ɗaya ko biyu sai ya yi tauri. In kuwa makulli ya koma ƙarshe aka zare shi, sakatar nan za ta iya faɗawa mota na gudu, ga kwana a gaba, ga fasinja a baya. Masu motoci, ku faɗa wa yaranku wannan kafin su tashi.