Agajin Gaggawa Kafin a Isa Asibiti: Jawabi ga 'Yan'uwa Mahalarta Taron Shekara



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ja kwananmu har Ya nuna mana zagayowar wannan taro mai albarka. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Ina miƙa gaisuwar ban girma ga shehunanmu da halifofi da muƙaddamai, da iyayenmu sarakuna, da sauran 'yan'uwa maza da mata da suka taso daga Funtuwa da Malumfashi da Bakori da Ɗanja da Ƙafur da Ƙanƙara da Faskari da Ɗandume da Sabuwa. Allah Ya saka wa kowa da alheri.

Bayan haka, an ɗora mini nauyin in yi magana a kan agajin gaggawa, wato taimakon da ake yi wa wanda ya yanke jiki ya faɗi, ko ya yi haɗari, ko ya nutse a ruwa, kafin a kai shi hannun likita. Abin da nake roƙo a yau shi ne wannan ilimi ya fita daga cikin asibiti ya shiga zawiyoyinmu da gidajenmu, domin a ƙasa irin tamu wanda yake tsaye kusa da majinyaci shi ne likitansa na farko, ko ya shirya ko bai shirya ba.

Dalilin kuwa lissafi ne mai sauƙi. Idan zuciyar mutum ta tsaya, ƙwaƙwalwarsa takan fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6 saboda jini ya daina isa gare ta. Wanda aka yanke masa babbar jijiya a cinya yana iya ƙarar da jininsa cikin mintoci ƙalilan. To, a auna wannan da tazarar da ke tsakanin gonakinmu da Babban Asibitin Funtuwa ko na Malumfashi, balle Asibitin Koyarwa na Shika da ke Zariya. Kafin a nemo mota, a haɗa kuɗin mai, a fita daga hanyar burji a hau kwalta, lokacin da ake iya ceto ya riga ya wuce. Sau da yawa likita gawa ake kawo masa, a ce ya duba.

Kada wani ya ɗauka wannan baƙon abu ne a gare mu. A shekara ta 5 bayan Hijira, lokacin Yaƙin Gwalalo, kibiya ta sami Sayyidina Sa'adu ɗan Mu'azu (R.A.) a jijiyar hannu, aka kai shi tantin wata sahabiya mai suna Rufaida a masallacin Madina, inda take jinyar waɗanda suka ji rauni. A nan gida kuma, 'yan agajin Fityanul Islam da na Jama'atu Nasril Islam sun shafe shekaru masu yawa suna hidima a tarukanmu, kuma sunansu kansa daga agaji ya samo asali. Suna tsayuwa cikin rana, suna gyara sahu, suna buɗe wa malamai hanya, Allah Ya biya su. Amma da za a tara matasan da ke cikin kaki a wannan fili a tambaye su wane ne ya taɓa aza hannunsa ya koyi danna ƙirji, ina tsoron hannayen da za a ɗaga ba su da yawa. Fareti yana da amfaninsa, sai dai ba ya tsayar da jini.

Me muka saba yi idan mutum ya faɗi? Mukan yi masa rumfa da jikunanmu har iska ta daina isa gare shi, wani ya sheƙa masa ruwa, wani ya ɗaga kansa ya ɗura masa ruwa a baki, wanda kuwa ba ya cikin hayyacinsa ba ya iya haɗiya, sai ruwan ya gangara huhu. In an ga bai motsa ba, sai a ja mayafi a rufe shi, a fara salati. Duk da kyakkyawar niyya ake yi. Abin da ya dace kuwa shi ne mutum ɗaya ya durƙusa, ya dafa kafaɗarsa ya kira shi da ƙarfi. In bai amsa ba, a kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗaga haɓarsa sama, a duba ƙirjinsa na daƙiƙa 10. In yana numfashi daidai, a juya shi kan gefensa domin kada harshe ko amai su toshe masa maƙogwaro. In kuwa ba ya numfashi, ko yana wani irin jan numfashi jefi-jefi mai kama da gargarar mutuwa, to a ɗauka zuciya ta tsaya. A nuna mutum ɗaya da yatsa a ce masa ya nemo mota ya kuma kira lamba 112, domin in aka ce "wani ya kira", ba mai kira.

Sannan a aza tushen tafin hannu a tsakiyar ƙirji, a ɗora ɗaya hannun a kai, a miƙe gwiwar hannu, a danna da nauyin jiki har ƙirjin ya lotsa santimita 5 zuwa 6, a sake shi ya dawo, a sake dannawa. Saurin da ake so shi ne sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya, kusan sau biyu ke nan a kowace daƙiƙa. Wanda ya sami horo zai danna sau 30, ya toshe hancin majinyaci ya hura masa iska a baki sau 2, ya koma dannawa. Wanda bai samu ba, ko yana ƙyamar sa baki, ya ci gaba da dannawa kawai ba tsayawa, wannan ma karɓaɓɓe ne a wurin masana. Ƙidaya dai ba za ta gagari mutanen da suka saba da carbi safe da yamma ba. Aikin yana gajiyarwa, saboda haka a riƙa karɓar juna bayan kowane minti 2. Wani lokaci haƙarƙari yakan karye a ƙarƙashin hannu. Kada wannan ya sa a daina, karaya tana ɗoruwa. Mai son ya laƙƙana wa ɗan'uwansa kalmar shahada ya yi, baki yana aikinsa hannu yana nasa.

Wannan hanya ba ta daɗe a duniya ba. A shekarar 1960 ne wasu masu bincike uku a asibitin Johns Hopkins na Amurka suka bayyana cewa danna ƙirji daga waje yana tura jini zuwa ƙwaƙwalwa ba tare da an tsaga mutum ba. Ƙasar Denmak ta shigar da koyon sa makarantu a 2005, ta kuma mai da shi sharaɗin samun lasin tuƙi a 2006. Tsakanin 2001 da 2010, waɗanda mutanen da ke kusa suka danna wa ƙirji sun tashi daga kashi 21 cikin 100 zuwa kusan kashi 45, waɗanda suka rayu kuma suka ninka sau uku. Matasanmu masu kallon ƙwallo sun ga yadda Christian Eriksen ya faɗi a fili a birnin Kofanhegan a watan Yunin 2021, aka farfaɗo da shi nan take, har ya koma wasa. Manyanmu kuma suna tuna Samuel Okwaraji, wanda ya faɗi a filin wasa na Legas ran 12 ga Agustan 1989 ana karawa da Angola, bai tashi ba.

Sai dai amana ce in faɗi iyakar abin. A waɗancan ƙasashe motar asibiti tana isowa cikin mintoci, ɗauke da na'urar da ke girgiza zuciya da lantarki ta mayar da ita kan bugunta. Babban mutum da ciwon zuciya ya kayar, danna ƙirji lokaci kawai yake saya masa kafin wannan na'ura ta zo, mu kuwa ba mu da ita a kasuwanninmu da tashoshinmu. Saboda haka da yawa za a yi musu ba su tashi ba, kuma wanda ya yi ƙoƙari kada ya zargi kansa, kada dangi su zarge shi. Inda hannu da numfashi kaɗai suka fi cin nasara shi ne yaron da aka tsamo daga kududdufi ko madatsar ruwa irin ta Mairuwa, da wanda tsawa ta faɗa wa a gona da damina. Wanda ya nutse iska ya rasa, don haka a fara hura masa sau 5 kafin danna ƙirji, kuma a bar al'adar matse ciki ko juya yaro ƙafa sama wai don ruwa ya fita.

A ganina, darasin da ya fi gaggawa a wannan yanki shi ne tsayar da jini. Funtuwa mahaɗar manyan hanyoyi ce, ta Zariya da ta Gusau da ta Birnin Gwari da wadda ta bi ta Bakori zuwa Malumfashi, ga tireloli ga babura, ga motocin hatsi da kaka. Ga kuma jarrabawar 'yan bindiga, har ta kai ga harin da aka kai wa masu sallar asuba a masallacin Unguwar Mantau ta ƙaramar hukumar Malumfashi a watan Agustan 2025. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya kawo mana ƙarshen wannan musiba. A irin wannan hali ba a buƙatar na'ura. A ninke ƙyalle mai tsabta, ko rawani ko mayafi, a danne bakin raunin da ƙarfi, kada a riƙa ɗagawa ana leƙawa. In ya jiƙe a ƙara wani a kansa. In jinin yana tsartuwa daga hannu ko ƙafa kuma dannawa ta gaza, a ɗaura ƙyalle mai faɗi sama da raunin, ba a kan gaɓa ba, a sa sanda a murɗa har jinin ya tsaya, a lura da lokacin da aka ɗaura, kada kuma a kwance sai a asibiti. Ba a zuba ƙasa ko toka ko garin magani a cikin rauni. Wanda ya yi haɗarin mota yana kukan wuya ko baya kuwa, kada a fizgo shi a naɗe a bayan mota kamar buhu. Mutum huɗu su ɗauke shi a miƙe, ɗaya yana riƙe da kai.

Akwai shaidar cewa mutanen ƙauye suna iyawa. A arewacin Iraƙi da ƙasar Kambodiya, inda nakiyoyi suka yi wa manoma ɓarna kuma asibiti ke da nisan sa'o'i, an horar da ƙananan ma'aikatan lafiya 135 da mutanen gari sama da 5,000 daga 1997 zuwa 2001. Mutuwar masu rauni ta sauko daga kusan kashi 40 cikin 100 zuwa kusan 15. A Ghana ma direbobin haya aka koya wa, tunda su ne suka fi kowa riskar haɗari a hanya.

Saran maciji hukuncinsa daban ne, kuma a nan ake yawan ruɗewa: ba a ɗauri, ba a tsagawa, ba a tsotsa. A kwantar da hankalin mutum, a cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibitin da ke da allurar dafi. Dafin kububuwa hana jini daskarewa yake yi, tsagawa kuwa ƙofa ce aka buɗe masa. Tun shekarun 1970 masana suka yi bincike a ƙasar Malumfashi a kan gamsheƙa mai tofi a ido. Magani na farko shi ne wanke idon da ruwa mai yawa nan take. Wanda maganin feshi ya zube wa a tuɓe masa tufafin a wanke shi da sabulu, wanda ya sha fiya-fiya kuma kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai, a tafi da shi tare da kwalbar. Ƙuna ruwa mai sanyi take so na minti 20, ba ɗanyen ƙwai ko man goge baki ba. Mai farfaɗiya a kawar masa da wuta da abin da zai ji masa ciwo, kada a cusa masa cokali, kuma yawunsa ba ya harbin kowa.

Na san abubuwa biyu da ke riƙe hannun mutane. Na farko tsoron hukuma, kada a ce kai ka kaɗe shi ko kai ka harbe shi. To, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar wanda ke cikin halin gaggawa, dokar 2017 kuma ta wajabta jinyar wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba, ta kuma ce a mutunta wanda ya kawo shi. Haɗarin hanya ana kiran Hukumar Kiyaye Haɗurra a lamba 122. Na biyu shi ne nauyin taɓa mace. Hukuncin larura na bar wa malamanmu, su ne masu wannan fage, ina roƙon su yi wa jama'a bayani a majalisansu, tare da bayanin cewa riƙo da sababi ba ya warware tawakkali. Abin da ke nawa shi ne in ce mafi yawan abin da ke samun ƙananan yara, shaƙewa da ƙuna da faɗawa rijiya, a cikin gida yake faruwa lokacin da maigida yana gona ko kasuwa. In ba a koya wa mata ba, an bar rabin aikin. Muna da ma'aikatan jinya mata a cikinmu, ga Makarantar Ungozoma a Malumfashi, ga makarantun Islamiyya na matan aure a kowace unguwa.

Jawabi ba ya koyar da hannu. Wanda ya saurare ni yau bai zama gwani ba sai ya durƙusa a gaban mutum-mutumin roba ya danna, mai horarwa yana gyara masa, kuma haramun ne a wurin masana a gwada wannan a ƙirjin mai lafiya. Horon farko yini ɗaya ya isa, amma hannu yana mantuwa cikin watanni, sai an riƙa maimaitawa. A nan ne muka fi kowa dama, tunda muna haɗuwa kullum a zawiya, muna da muƙaddamin da in ya yi umarni ake bi. Ina roƙon iyayenmu muƙaddamai kowace zawiya ta ba da maza biyu da mata biyu, a fifita direbobi da 'yan acaɓa da malaman makarantun allo, a nemi Ƙungiyar Red Cross reshen Jihar Katsina da ma'aikatan lafiyar da ke cikinmu su horar da su, su kuma su koma su koyar, a riƙa bita duk bayan wata uku. Kowace zawiya ta tanadi akwati mai safar hannu da bandeji da almakashi, a rubuta lambar direbobi biyu na unguwa a jikin bango. A miƙa sunayen ga shugabannin 'yan agaji kafin a watse daga wannan taro, domin a sa ranar horon farko kafin ayyukan gona su kankama.

Allah Ya mayar da kowa gidansa lafiya.